Littattafan da za mu zuba a akwatin makaranta, da musun wai Magana Jari Ce aro ce

Malamin Hausa, ƙasar Kafin Hausa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya aikin gona ya haƙuri da mu. Shawara nake nema wajen manya da masana. Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a nan ƙasar Kafin Hausa, to tsofaffin ɗalibanmu da ke aiki a Kano da Dutse sun haɗa mana ɗan kuɗi suka ce a sayo littattafan karatu na nishaɗi, ba na jarrabawa ba, a zuba a akwatin ƙarfe a ofishin firinsifal tunda ba mu da laburare, yaro ya ara ya tafi da shi gida ya karanta ya dawo da shi. Kuɗin ba wasu masu kauri ba ne, shi ya sa ba na so in shiga Sabon Gari in kwaso duk abin da mai shago ya miƙo min in dawo ina cizon yatsa.

Ni dai a raina na riga na sa Magana Jari Ce duka ukun da Ruwan Bagaja a sahun gaba, don da su muka tashi. Sai wani abokin aikina, yaro ne bai daɗe da gama NCE ba, yake ce min wai me zan yi da su, ai Abubakar Imam ba shi ya ƙago labaran nan ba, kwaso su ya yi daga littattafan Larabawa da na Turawa ya liƙa musu sunayen Hausa, har da yi min karin magana wai zanen aro ba ya rufe katara. Muka yi ta musu a gindin darbejiya har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya sauko, shi yana cewa a sayo na marubutan yanzu kawai ni ina cewa sam.

To tambayata, da gaske ne abin da ya faɗa? In kuma da gaske ne, hakan ya rage wa littafin daraja ne har da za a hana yara shi? Sannan ban da waɗannan biyun me ya kamata in ƙara, na zube ne ko waƙa ko wasan kwaikwayo. Ku sani fa yaran namu 'ya'yan manoma ne da masunta, da yawansu Hausar ma a hankali suke haɗa baƙi, Turanci kuwa sai dai addu'a, kuma 'yan mata sun kusa rabin makarantar. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Hedimasta, Ringim

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka wa yaran nan naku da alheri, ba kowa ke waiwayar inda ya fito ba.

Abokin aikin naka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya tsinta ya taho da gudu. Bari in faro maka daga tushe. A 1933 akwai Hukumar Fassara a Zariya wadda wani Bature Dakta Rupert East yake shugabanta, suka lura an koya wa mutane karatun boko amma in an tashi daga makaranta ba abin karantawa, sai ya bi manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su zauna su ƙago labari mai tsawo, aka sa gasa. Daga nan aka samu littattafan nan biyar da kowa ya sani, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara wanda daga baya ya zama Walin Katsina, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun yana malamin makaranta a Bauchi ba a ma yi mafarkin firaminista ba, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya yi tare da shi East ɗin. Imam an haife shi a Kagara a 1911, ka ga kenan yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja yana koyarwa a Midil ta Katsina, ƙila ma bai kai shi abokin aikin naka ba a shekaru.

Da East ya ga hannunsa sai ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafai tuli na Larabci da na Turanci, su Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya ce ya duba ya yi wa yaran Arewa littafin karatu. Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937. Wannan ba sirri ba ne da wani ɗan bincike ya bankaɗo jiya, aikin da aka sa shi kenan kuma bai ɓoye ba. Hatta dabarar a ce aku ne ke ba da labari dare bayan dare don ya hana wani fita daga gida, tsohuwar dabara ce a littattafan Indiya da Farisa.

Amma ka ce wa yaron ya je ya ɗauko na asalin ya ajiye kusa da na Imam ya karanta su biyun. Ɗauki Kalala da Kalalatu. A littafin tatsuniyoyin 'yan uwan nan biyu na Jamus, su Girim, wanda ya fara fita a 1812, wata kuku ce mai kwaɗayi ta cinye kaji biyun da aka gasa wa baƙo, sai ta tsorata baƙon ta ce wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ce, ta juya ta ce wa maigida baƙo ya sure kajin ya gudu, aka yi ta tsere da wuƙa a hannu. Ƙashin labarin kenan. Imam ya mai da su mata da miji, ya sa su a gidan Bahaushe da baƙuntarsa da kunyarsa da irin maganar da matanmu ke yi, har in kana karanta wa yara a aji sai ka ji wani daga baya ya ce wallahi irin matar kawuna ce. Na karanta shi a aji shekara da shekaru ban taɓa samun yaron da ya ji ƙamshin Jamus a ciki ba. Tunda shi ya kawo zancen zane, atamfar da matanmu ke ɗaurawa ai daga Holan ake kawo mai tsadar, amma in telan garinku ya yanka ya ɗinka, ɗinkin nasa ne, kuma a nan ake gane gwani da ɗan koyo.

Kuma wa ya gaya masa manyan marubutan duniya daga iska suke ɗauko labari? Shekisfiya da Turawa ke taƙama da shi, Juliyas Siza daga littafin Fulutak na tarihin manyan Girka da Rum ya samo shi, Makbes daga wani littafin tarihin Ingila da Sikotlan. Kalila wa Dimna da malamanmu ke karantawa asalinsa na Indiya ne, ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8, kuma har yau Larabawa da shi suke koya wa 'ya'yansu daɗin zube. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ma da muke so muna yara, jarumin tatsuniyar Rasha ne aka naɗa masa rawani.

Batun saye kuwa, in ni ne, bayan Magana Jari Ce Shaihu Umar zan fara ɗauka kafin ma Ruwan Bagaja, kowa ya ji haushi ya ji. Ruwan Bagaja dariya ce, Alhaji Imam da Malam Zurƙe kowa na haƙa wa ɗan uwansa rami gari bayan gari, yara za su so shi ba shakka. Amma Shaihu Umar shi ne wanda in ka rufe yake bin ka har makwanci. Yaro aka sace yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe Abdulkarim ya ƙetara sahara da shi, uwarsa ta bar komai ta bi sawunsa ita ma aka kama ta aka sayar baiwa, ta sha wahala har Tarabulus, sai da ta gan shi da idonta sannan rai ya yi halinsa. Ɗan ƙaramin littafi ne, Hausarsa a miƙe ba ƙawa, kuma shi ne zai sa yaro ya san cinikin bayi ba a Amurka kaɗai aka yi shi ba, a ƙasar nan tamu ma an yi, da hannun namu. An ma yi fim ɗinsa a 1976, Adamu Halilu ya shirya. Ganɗoki ka saya wa maza masu son yaƙi da kirari, rabin farko da yake zancen zuwan Turawa da yaƙin Kwantagora ya fi min rabin ƙarshe da ya faɗa duniyar aljanu. Idon Matambayi in kuɗi ya rage.

Almajirin Zaure, wajen Gwarzo

Slm. Allah ya ƙara wa Baba Hedimasta lafiya, an sha karatu. Amma ina da ɗan ƙorafi ranka ya daɗe, kuma ba kai kaɗai ba duk 'yan boko haka kuke, in za ku ba da tarihin adabinmu sai ku fara daga 1933 kamar kafin zuwan East bebaye ne mu. Kuma ka jefa mutumin garinmu a ƙarshen layi wai in kuɗi ya rage, to mun ji mun haƙura.

Shi kansa Ruwan Bagaja ɗin a ina Imam ya samo salon mutum biyu da ke ta haɗuwa a gari daban daban, ɗaya ya sake kama ya yi damfara sai daga baya a gane ashe shi ne? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Maƙamatul Hariri ya san Abu Zaidis Saruji da Harisu bin Hammam. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, maƙama 50 ya yi, kuma shi ma ya bi sawun Badi'uz Zaman Alhamazani ne da ya riga shi. Imam ɗan gidan malamai ne, mahaifinsa alƙali, wannan karatun a gida ya tarar da shi ba Bature ne ya miƙa masa ba. To in aro ne ma daga zauren gidansu ya ara.

Mu a nan bayan asuba ake yi. Malam na kan buzu ya jingina da bango, an baje littafi a kan tabarma takardunsa duk sun rabu da juna sun yi ja, gefensu cike da ƙananan rubutun da malaman da suka gabata suka yi da tawada, kai mai karatu ka ja jimla ɗaya ta Larabci ka tsaya, Malam ya fassara da wata irin Hausa da ba ka ji a kasuwa, kana cewa na'am, na'am, in ya zo wajen da Abu Zaidu ya yi wa alƙali wayo sai ka ga dattijo mai furfura yana dariya har rawani na karkacewa. Haka ake karanta Shu'ara, wato waƙoƙin Larabawan jahiliyya su Imru'ul Ƙaisi, haka ake Burda ta Busiri mutumin Masar, haka Ishiriniya ta Alfazazi wanda ya fito daga Andalus ya rasu a 1230. Mutumin Andalus fa, amma ka zo ƙauyenmu daren Mauludi ka ji tsofaffin da ba su taɓa zuwa ko Kaduna ba suna rera ta da ka har gari ya waye. Wa zai ce musu ba tasu ba ce.

Ban ce Malam ya sayo wa 'yan sakandare Maƙama ba, ta fi ƙarfinsu, ni ma da nake faɗa da ƙyar nake tsallake wasu wuraren. Abin da nake cewa kar akwatin nan ya zama na zube zalla, domin mu asalin rubutunmu waƙa ce. Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi da 'ya'yansa da waƙa suka karantar da talakawa, da ajami, da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864 da harshe uku take rubutu, kuma ita ta kafa ƙungiyar mata ta 'yan taru, ta naɗa jajis, wato matan da ke jagorantarsu, ta ba su malfa su shiga ƙauyuka suna koya wa mata waƙoƙin, tun ba a san wani abu wai shi yaƙi da jahilci ba.

Kuma Malam kai da kake Kafin Hausa, abin kunya ne a buɗe akwatinka ba Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, ɗan masarautarku ne fa, malamin makaranta ne irinka. Waƙarsa ta giya da ta karuwa da ta biyayyar iyaye ba sa bukatar sharhi, yaro na ji zai gane, kuma yana da zafin baki ba ya rufa-rufa. Sai Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne amma har jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, yaranka sun riga sun san muryarta daga bakin almajirai da makafi a kasuwa, ranar da suka gan ta a rubuce za su yi mamaki ashe littafi ce. Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu sun ɗan yi nauyi, Fasaha Aƙiliya sai da malami a kusa saboda zurfin Hausarsa, amma ka sayi kwafi ɗaya ko don kanka. Abu ɗaya dai, waƙa ba a karanta ta da ido kamar jarida, ka samu mai murya a cikin yaran ya rera musu ranar Alhamis kafin a tashi.

Maman Walida, Birnin Kudu

Sallama gare ku malamai. Ni ba malama ba ce, ɗinki nake yi a gida ina ɗan saye da sayarwa, amma na ga Malam ya ce 'yan mata sun kusa rabin makarantar kuma duk jerin da aka yi masa har yanzu in ka cire Nana Asma'u maza ne suka rubuta, labarin maza, yaƙi da fatauci da yawon duniya, mace in ta fito ko uwa ce tana kuka ko matar da ta cinye kaji. Ku yi haƙuri Baba, gaskiya ce.

Ni ba a makaranta na iya karatun Hausa da sauri ba, a littattafan soyayya na iya, waɗanda ake zagi ake cewa na kasuwar Kano. A unguwarmu akwai mai haya, wani ɗan tebur ne a ƙofar gida da kwali biyu, ka ba da 'yan canji ka ɗauki na ɗaya, sai ka dawo da shi a ba ka na biyu, an naɗe bangon da takardar buhun siminti an ɗinke gefen da zare saboda hannu da ya yi masa yawa, wani shafin ma da tabon manja. In aka samu sabo sai mu taru a ɗakin wata amarya bayan la'asar, wadda ta fi iya karatu ta riƙa karantawa da ƙarfi sauran na tsinke zogale ko kitso, in an zo wajen da kishiya ta yi mugun abu ka ji ɗaki ya ɗauki salati. Akwai matan aure da na sani da suka shiga makarantar manya ba don komai ba sai don su daina jiran a karanta musu.

Na san akwai shirme a cikinsu, da yawa ma, wasu an rubuta su ne don a sayar kawai. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Malam ka nemi So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, ya fito a 1980 daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, shi ake lissafawa littafin labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, labarin Boɗaɗo 'yar Fulani da ta kafe sai wanda take so duk da ba ƙabilarsu ɗaya ba. Sannan na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, don haka abin da ta rubuta ba ji ta yi ba. Wa Zai Auri Jahila shi ya fi dacewa da 'yan matanka, yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, daga baya ta koma karatu ta zama mutum. Alhaki Kuykuyo Ne kuma labarin Rabi ne da miji ya kora da 'ya'ya tara saboda ya yi amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wannan har Turanci an mai da shi, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012, mutanen waje na karantawa a jami'a mu a nan ana ce mana kar a bari yara su gani.

In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino kuma ban san ko firinsifal ɗinku zai yarda ba saboda wajen da Sumayya ta faɗa rijiya, wasu iyayen sun yi ta surutu a kansa lokacin da ya fito, amma a zamaninmu ba gidan da bai shiga ba. Ka karanta da kanka tukuna ka yanke.

Shawarata ta ƙarshe, in dai a ofishin firinsifal akwatin zai zauna to 'yan mata ba za su je ba, kunya ba za ta bar su su yi sallama ofis su ce a ba su littafi ba. Ka ba wata malama ko wata babbar ɗaliba mabuɗin rana ɗaya a mako.

Ɗan Jami'a, Gumel

Baba Hedimasta na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma ni ina ganin abokin aikin Malam yana da 'yar gaskiya ta wani gefen. Ba laifi ba ne a ara, amma yaro ya tashi ya gama sakandare yana zaton Sarkin Busa na cikin Magana Jari Ce a ƙasar Hausa aka yi shi alhali tatsuniyar wani gari ce a Jamus da ɓeraye suka addaba, wannan gazawar masu koyarwa ce ba ta Imam ba. A gaya musu mana. Ni da aka gaya min a aji ɗaya na jami'a daɗi ma na ji, na koma na sake karantawa ina neman inda ya sauya.

Kuma aron ba hanya ɗaya yake bi ba. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna ya kuma ji Hausa, ya fitar da wani ɗan littafin Turanci a 1962 da aka daɗe ana karantawa a makarantun Najeriya, wanda duk wanda ya san Jiki Magayi zai ga labarin ne sak, attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Masana sun yi ta rubutu a kan wannan. Ka ga a nan mu aka ara wa.

Malam ka sa wasan kwaikwayo ko biyu ne, don su ne yaran da ba sa son karatu za su shiga ciki, ka raba musu matsayi su yi a filin makaranta ranar ba da sakamako. Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ba su tsufa ba ko kaɗan, rigimar aure da kotun alƙali ce irin wadda suke gani kullum. Sai Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, dabbobi sun kori mai gona sun kafa mulkin kansu sai aladu suka zame musu abin da ya fi mai gonar. Ba sai ka yi musu bayanin juyin juya halin Rasha ba, yaran da suka ga zaɓen kansila sau biyu za su gane da kansu.

Malamin Hausa, ƙasar Kafin Hausa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na nuna wa mutumin nawa amsoshin a waya, ya ce shi dai har yanzu yana nan kan bakansa sai an rubuta a bangon littafin inda aka samo kowane labari, amma ya karɓi aikin shirya Uwar Gulma da 'yan aji uku. Hajiya maganar mabuɗi ta shiga, akwai malamar Islamiyya da yaran ke sakewa da ita zan yi mata magana. Saura tambaya ɗaya, a ina zan samu na gaske ba irin fotokwafin nan da rubutun ke gogewa ba, kuma ya zan yi da gara, don ofishin namu ginin ƙasa ne ta sha cinye mana rajista.

Tsohon Hedimasta, Ringim

Almajiri na karɓi gyara, Hajiya ke ma haka, sai dai uwar Shaihu Umar ba kuka kawai ta yi ba, ita kaɗai ta tasar wa sahara, a sake dubawa.

Malam tsofaffin na zube da wasan kwaikwayo da waƙoƙin boko yawanci bugun NNPC ne ko kamfanin Gaskiya na Zariya, ka duba shagunan littattafan makaranta na Sabon Garin Kano, na addini da ajami kuma Kasuwar Kurmi. Na su Hajiya Balaraba sai ka tambayi masu sayar da littattafan Hausa na wajen Bata, wasu sun yi wuya yanzu tunda karatu ya koma waya, in ba ka samu sabo ba tsohon hannu ma ya yi in shafukan sun cika. Kafin ka biya ka buɗe tsakiya ka duba lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, don na bogin sukan tsallake shafi ko su maimaita, ka kuma ja yatsa a kan rubutun ka ga ko tawada na bin hannu. Magana Jari Ce na ɗaya ka sayi kwafi biyu ko uku, shi ne zai fara mutuwa.

Gara kuwa kar ka ajiye akwatin a ƙasa ko ka jingina shi da bango, ka ɗora shi kan bulo huɗu ka bar tazara, ka zuba busasshen ganyen darbejiya a ƙasan akwatin ka riƙa sauya shi, da damina kuma duk ranar da aka samu rana mai kyau a fito da littattafan su sha iska don kar su yi funfuna. Ka samu littafin rubutu mai kauri ka ja layi, sunan yaro, ajinsa, sunan mahaifi da unguwa, ranar ɗauka da ranar dawowa, kuma malamai ma su sa hannu in sun ara, don a iya sanina su ne ba sa dawo da shi.